Rijiya Ma Jarka Ce

Duk wanda ya taɓa ajiye wake daga kaka zuwa bazara a ƙasar Bursari ko Bade ta arewacin Yobe ya san ƙwaro ba ya jin magiya. A zuba wake a buhun algarara a jingine shi a lungu, kafin wata uku ya koma huji da gari. Shi ya sa matan gida suke da dabararsu: a shanya waken ya bushe ƙarau, a ɗura shi a jarkar da aka wanke ta sha rana, a girgiza har ya cika ta zuwa wuya, a sa leda a baki, a murɗa marfi tam. Ba magani, ba toka, ba barkono. Ran da aka buɗe, ƙwarin da suka shiga tare da waken sun mutu kaf, waken kuwa garau.

Ba wanda ya zuba musu guba. Numfashinsu ne ya cinye 'yar iskar da ta rage a tsakanin ƙwayoyin wake, wata kuma ba ta samu hanyar shiga ba. Wannan hanyar ce masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Marwa a arewacin Kamaru suka bi har suka fito da buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda aka soma yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007. Mai sayen wake a kasuwar Gashua ko Nguru ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san in ledar ta huje, aikin banza ne, in kuwa ta ɗauru da kyau, duk mai rai da ke ciki kwanansa ya ƙare.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne wannan ilimi yana cikin kowane ɗakin ajiya, amma har yau bai ƙarasa bakin rijiya ba. Mutumin da zai gaya maka dalla-dalla yadda ƙwaro ke mutuwa a jarka, shi ne zai tsaya yana kallo a zura ɗan shekara ashirin cikin rijiyar da ta shekara uku a rufe, ba tare da ya tambayi kansa me yaron zai shaƙa a can ƙasa ba.

Rijiya ma jarka ce. Haka masai, haka ramin sokawe, haka tankin ƙasa na gidan mai da cikin tankar mota da babban tankin ruwa da ramin hatsi. Duk siffarsu ɗaya: ciki mai faɗi ko zurfi, baki ɗaya mai ƙunci, iska ba ta zagayawa, kuma ba don zaman mutum aka yi su ba.

Iskar da muke shaƙa a fili, wajen kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. Masu dokar aiki a ƙasashe da yawa sun ja layi a kashi 19.5, ƙasa da haka ba a shiga. A wajen kashi 16 zuciya ta fara gudu, tunani ya fara rikicewa. Ƙasa da kashi 10 mutum ya sume, a kashi 6 kuwa magana ta mintoci ce. Mugun abin shi ne jiki ba ya yin ƙara yadda ya kamata. Sau da yawa mutum ba ya jin an shaƙe shi. Kasala ce kawai, sai ƙafa ta yi sanyi, sai hannu ya saki igiya. A nan ne kwatancin jarka ya gaza, domin ƙwaro yana kwanaki kafin ya mutu, ɗan Adam kuwa ko kiran sunan wanda ke sama ba lallai ya samu ya yi ba.

Wani zai ce, ai rijiya bakinta a buɗe yake, kuma babu ƙwari a ciki, wa ya cinye iskar? Masu ci suna da yawa. Ganyen da ya faɗa ya ruɓe, gawar ɓera ko ɗan akuya, baƙar lakar da ta kwanta a gindi, har tsatsar ƙarfe, duk oksijin suke ci. Masu ruɓewar kuma suna fitar da kabon dayoksayid, wadda ta fi iskar fili nauyi sau ɗaya da rabi, saboda haka ba ta tashi sama, ƙasa take kwanciya ta taru. Maƙwabtanmu na Kamaru sun ga ƙarshen wannan a daren 21 ga Agusta 1986, lokacin da Tafkin Nyos ya amayar da wannan iska ta gangara cikin kwari, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi wajen 3,500, yawancinsu suna barci. A fili ke nan, ƙarƙashin sararin Allah, balle ramin da faɗinsa bai fi a miƙa hannu biyu ba.

Akwai kuma sharrin lokaci. Yaushe ake yasar rijiya a Dapchi da ƙauyukanta? Da bazara, a Afrilu da Mayu, in ruwa ya ja baya, guga ya fara ɗebo laka. A wannan lokaci zafi a waje yana haura digiri 40, gindin rijiya kuwa da sanyinsa. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka ta ƙasa ba ta da dalilin hawowa, ta sama ba ta da dalilin sauka. Wato lokacin da muka fi bukatar shiga rijiya shi ne lokacin da ta fi riƙe tsohuwar iskarta. Bakin a buɗe yake a ido, amma marfin zafi yana kai.

Tsofaffin rijiyoyi sun fi ban tsoro, kuma yankin nan yana da su birjik. Shirin raya yankin arewa maso gabas mai fama da fari, NEAZDP, wanda Tarayyar Turai ta tallafa wa kuma aka kafa hedikwatarsa a Garin Alkali, ya yi aikin rijiyoyin siminti a ƙauyukan arewacin Yobe a shekarun 1990. Daga baya burtsatse ta zo, sannan mai aiki da hasken rana ta biyo baya, aka juya wa rijiya baya, aka ɗora mata langa-langa da dutse don kada yara su faɗa. Rufewar daidai ce. Amma ranar da famfon unguwa ya lalace, mata suka fara dogon layi, sai a tuna da tsohuwa, a ɗage marfi da safe, kafin hantsi an zura mutum. Wannan jarka ce da aka murɗa wa marfi shekara da shekaru.

Sai babban makashi, injin ban ruwa. Ƙasar fadama ce. Daga bakin Komadugu Yobe a Gashua har dausayin Nguru, ɗan injin fetur mai tiyo biyu yana ko'ina, kuma shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi in ana so a tsotse ruwan rijiya a yi yasa ko a ƙara zurfi. Matsalar ita ce irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, wajen gaba huɗu ke nan. Ba laifin kamfani ba ne, iyakar da nauyin iska ya yanka ce, ko wane iri ka saya. To in rijiyar gaba goma ce fa? Sai a ɗaura wa injin igiya a saukar da shi ciki, a kafa masa katako kusa da ruwa, wani ya sauka ya ja shi ya tashi. Daga wannan lokaci injin yana cin oksijin ɗin da mutumin ke bukata, yana kuma fitar da kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Ita ce dai ke kashe iyali guda a ɗaki in aka kwana da janareta a rufe. Ciwon kai, jiri, sai gwiwa ta ƙi ɗaukar mai ita. Kashe injin kuma ba ya kore ta. Tana nan kwance sa'o'i bayan an daina jin ƙara, tana jiran wanda zai sauka ya duba me ya sa ruwa ya tsaya. Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne: famfon da ake nutsarwa cikin ruwa, wanda masu burtsatse ke kira sumo, da janareta a waje, nesa da bakin rijiya, ta inda iska za ta kwashe hayaƙin ta yi gaba da shi. Injin fetur ba ya shiga rami, ko da mutum a ciki ko babu.

Masu kwasar masai, waɗanda a Kano ake yi wa laƙabi da gidan kowa da akwai, nasu ya fi na kowa muni, kuma su ne aka fi mantawa da su, don da dare suke aiki kuma ba mai son a gan shi yana hira da su. Abin da ke jiransu shi ne haidirojin salfayid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In kaɗan ce, hanci yana jin ta. In ta yi yawa, wajen kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan, sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya ce alhamdu lillahi warin ya tafi, alhali yanzu ne ta iso. In ta kai 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta ka da ƙato. Tana ɓoye a cikin kaurin ƙazantar, sai an sa shebur an motsa take tasowa, saboda haka ramin da aka leƙa aka ga lafiya da farko yana iya juyewa cikin minti ɗaya. Kananzir ɗin da ake zubawa don danne wari ba ya rage ta ko kaɗan, sai ma ya ƙara abin kama wuta a wurin da iskar mitan ta riga ta taru tana jiran ashana ko guntun sigari. Ba ma'aikata kaɗai ba: sau nawa wayar hannu ke faɗawa masai, saurayi ya ce bari ya sauka ya ɗauko?

Masu walda su ma suna da nasu. Tankin da aka juye fetur daga cikinsa ba fanko ba ne, cike yake da tururin mai, kuma tururin ne ke fashewa. Tankin ruwa na ƙarfe da ya daɗe a rufe, tsatsa ta shanye iskarsa. Kada kuma wani ya ce zai gyara iskar tanki da tukunyar oksijin ta walda; a cikin irin wannan iska tartsatsi ɗaya ya isa rigar mutum ta kama ci bal-bal. Haka ɗakin hatsin da aka jefa wa ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke kira bom: iskar fosfin da take fitarwa ba ta bambanta ƙwaro da ɗan dako ba, kuma tana ratsa tsagar bango ta shiga ɗakin da yara ke kwana.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum na biyu. Duk mai sauraron labarai ya san yadda sanarwar Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ke zuwa a kai a kai: wani ya shiga rijiya ko masai bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi, shi ma shiru, wani lokaci har na uku. Ba halin mutanenmu kaɗai ba ne. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta yi gargaɗi a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu kai ɗauki ne. Ko'ina a duniya, in uba ya leƙa ya ga ɗansa kwance a ƙasa, ƙafarsa ce ke yanke hukunci kafin kansa. Ba na ganin laifin zuciyar da ta yi haka. Sai dai lissafin ba ya canzawa: abin da ya ka da na farko yana nan bai tafi ba, na biyu kuma yana sauka a guje yana haki, wato yana shaƙarsa fiye da na farko. Ɗaure hanci da rawani ko sa takunkumin asibiti ba ya ƙirƙiro oksijin. Riƙe numfashi kuwa, gwada ka ɗaga buhun gero daga ƙasa ba ka numfasa ba, ka gani.

Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba oksijin. Dapchi tana wajen kilomita 100 daga Damaturu, kuma ko motar kashe gobara tana cikin gari ba za ta iso a minti biyar ba. Ceto ɗaya ne ke aiki, wanda aka shirya kafin a sauka. Igiya mai ƙwari a jikin mai shiga tun yana sama, a ɗaure ta cinyoyi da ƙirji, ƙullin ya fito ta bayan wuya tsakanin kafaɗu. Kada a ɗaura a ƙugu, domin sumammen mutum da aka ja ta ƙugu lanƙwashewa yake yi ya gicciye a ramin. Igiyar ta bi ta kan gungumen da aka ɗora a gwafa biyu, ƙarti uku ko huɗu na riƙe da ita. Mutum ɗaya kuma aikinsa kawai ya zuba wa na ƙasa ido yana jan sa da magana: "Malam, yaya?" "Lafiya lau." Da amsa ta fara jinkiri, ko magana ta fara harɗewa, a ja, ba sai an yi shawara ba. Wannan mai tsaro ba ya zuwa sayo shayi, ba ya amsa waya. In an kira salla, na ƙasa ya fito, a tafi tare.

In an fito da mutum a sume, a kwantar da shi a fili ta gefensa in yana numfashi. Kada a ɗura masa madara ko manja; wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu suke tafiya. In numfashi ya tsaya, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti a sa masa oksijin, Babban Asibitin Dapchi ne, ko na Gashua, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, domin waɗannan iskoki suna iya dawowa da illa bayan sa'o'i.

Tsofaffin magina rijiya ba jahilai ba ne, kuma ya kamata a faɗi haka. Suna zura fitila da igiya kafin su sauka. In ta mutu, ba sa shiga. Suna ɗaura reshe mai ganye su yi ta sama da ƙasa da shi don su motsa iska. Wannan ilimi ne, kuma ya ceci rayuka. Sai dai an gina shi ne tun kafin injin fetur ya zo. Fitila tana nuna ƙarancin oksijin kawai. Za ta ci gaba da ci lafiya lau a cikin kabon monoksayid ɗin da zai kashe mutum, a masai ko tankin mai kuwa ita ce za ta tayar da gobarar. Wasu rijiyoyin da ake cewa na da mutanen ɓoye, don duk wanda ya shiga ba ya fitowa da ƙafarsa, ba zan yi musu da kowa a kan abin da ya yi imani da shi ba. Amma a hura musu iska mai kyau na awa guda, a auna, sannan a sake magana. Malamanmu ma kullum suna cewa tawakkali ba ya hana riƙo da sababi.

Ga kuma ƙasar kanta. Arewacin Yobe rairayi ne, kuma rairayi ba ya alkawari. Rijiyar da ake gina ba a bin ta da kwalbatin siminti tana iya rufta wa mai gina ko iskar tana da kyau.

To wa zai biya? Nan ne maganar take, don duk abin da na lissafa lokaci ne da kuɗi. Yawancin wannan aiki jinga ne. Maigida ya ce nawa za ka yashe mini, a yi ciniki a tsaya a kan kuɗi ɗaya, ko an gama da azahar ko an kai magariba. A irin wannan ciniki, awa biyun da za a ɓata ana hura iska daga aljihun ma'aikaci take fita, haka ladan ƙartin da za su riƙe igiya. Don haka yake tsallake su, ba don bai san haɗarin ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta yi magana a kan wuraren da mugun hayaƙi ke taruwa, amma masana'anta ta sani, ba ta san mai yasar rijiya a ƙauyen Bursari ba, kuma babu sufeton da zai zo. A ganina nauyin yana kan mai rijiya. Shi ya kira, a gidansa za a yi, kuma a ƙofarsa za a shimfiɗa tabarmar makoki in abin ya ɓaci. Ya ware kuɗin iska da na igiya daban da kuɗin yasa, ya ce ba mai sauka sai ya gani da idonsa. Dokar Ingila ta 1997 a kan irin waɗannan wurare ta fara ne da cewa kada a shiga sam in aikin zai yiwu daga waje. Guga ya faɗa, ƙugiya na nan. Masai ya cika, in mota mai tsotsa za ta iya shiga lungun, a kira ta. Waya ta faɗa, a yi mata Allah ya mayar da alheri.

Sauran kayan ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Fankar hura iska mai dogon tiyo da zai kai har gindi, wadda za a bari tana aiki muddin mutum yana ciki. Ɗamarar jiki guda biyu. Da na'urar aljihu da ke auna oksijin da kabon monoksayid da haidirojin salfayid da iska mai kama wuta, a zura ta da igiya a auna sama da tsakiya da ƙasa, sannan a rataya ta a ƙirjin mai shiga. Saiti ɗaya a sashen ayyuka na Bursari a Dapchi, ɗaya na Bade a Gashua, ɗaya a Nguru, a riƙa ba da aro ta hannun Lawan ko Bulama, wanda dama ba a fara gina rijiya a garinsa bai sani ba. Wanda zai saya kuma ya sa kuɗin kula da ita a cikin kasafi tun farko. Ƙwayoyin da ke jin iska a cikin na'urar suna tsufa, wasu a cikin wajen shekara biyu, ko an yi aiki da su ko suna kwance a durowa, kuma wadda ta mutu tana iya nuna sifili a ramin da ke cike da guba. Dole a riƙa gwada ta da iskar gwaji kafin a fita da ita, a kuma rubuta ranar gwajin a jikinta inda mai aro zai gani.